Kunyar da na sha a bas saboda kalma ɗaya

Jama'a assalamu alaikum, ku yi haƙuri da hayaniyar nan, a bakin titi nake a unguwar Lavapiés cikin Madrid. Yau raina a ɓace yake, kuma da kaina nake fushi. Da safe ina cikin bas sai ga wani dattijo ya shigo yana dogara sanda, kai fari fat. Tarbiyyar gida ta motsa, na miƙe na ba shi kujera, na ce masa "siéntate". Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce a hankali, "siéntese". Sannan ya zauna. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daidai yake da ka ce wa sa'an kakanka "kai, zauna", maimakon "Baba, ku zauna".

Shekarata biyu a ƙasar nan, yuro 60 nake zubawa duk wata a ajin yamma na koyon Sifaniyanci, amma a ce wannan ya kayar da ni!

To bari in faɗa muku yadda abin yake. Sifaniyawa suna da "tú" na aboki da yaro, suna da "usted" na girmamawa. Asalin usted ɗin daga "vuestra merced" ne, kusan irin "ranka ya daɗe" ɗinmu, aka yi ta gutsure shi. In za ka umarci babba, wasalin ƙarshe ne ke juyewa. Hablar, yin magana: aboki ka ce masa habla, babba kuma hable. Comer, cin abinci: aboki come, babba coma. Kun ga mugun tarkon? Harafin "a" da ke na aboki a nan, shi ne na dattijo a can. Dabarar da malamarmu ta ba mu ita ce ka ɗauko yadda kake faɗin aikin a kanka, ka yanke "o", ka sa ɗaya wasalin. Tengo, ina da, ya zama tenga; digo, ina faɗa, ya zama diga. Shi ya sa in ka buga waya wani ofis za ka ji an ɗauka da "dígame", wato faɗa mini. Farkon zuwana na ɗauka sunan matar ke nan.

Akwai kalmomin aiki 'yan taurin kai guda 5 da ba sa bin dabarar nan, sai dai hadda kamar karatun allo: vaya, sea, sepa, dé, esté. In mutanen da yawa ne ka ƙara "n". Jirgin ƙarƙashin ƙasa kullum yana koya mini wannan kyauta, a tashoshin da ke kan kwana muryar nan tana cewa "tengan cuidado", ku yi hattara kada ƙafa ta faɗa tsakanin jirgi da dakali.

Amma ina gargaɗinku, kada ku je kuna rabon usted kamar goron biki. Na taɓa gwada shi kan mai sayar da burodi a layinmu, mace ce da ba ta wuce 40 ba, ta ɓata rai wai na tsufar da ita. Mutanen Sifaniya sun saki jiki da tú, har malaminsu ɗalibai ke kira da sunansa tsirara. Ni dai har yau bakina nauyi yake yi. Maƙwabcina kuwa ɗan Kolombiya, usted yake ce wa ko da ɗansa ɗan shekara 4. Harshe ɗaya fa!

Sai kuma hani. In za ka ce kada ya zauna, ɗan "se" ɗin nan na ƙarshen siéntese gaba yake dawowa: "no se siente". Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba, wa zai hana dattijo zama?

Bari in shiga nan in sha kofi da madara, yuro 2, ko kusa da shayin Malam na bakin tasharmu bai kai ba. Gobe bas ɗin ƙarfe 8 zan sake hawa, Allah ya sa Baban ya shigo. Tun ɗazu nake ta maimaita ta a baki: siéntese, por favor.