Jawabin Maraba ga Shugaban Tawagar Ƙwararru ta Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma babban baƙonmu, Farfesa, shugaban wannan tawaga ta ƙwararru da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta turo mana. Mai girma Shugaban wannan asibitin koyarwa. Wakilin Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninsa. Shugabannin sassa, likitoci, ma'aikatan jinya, masu aiki da injinan gashin ciwon daji, ɗalibanmu, da sauran manyan baƙi maza da mata, assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu.

Ranka ya daɗe, a madadin sashen gashin ciwon daji, wato jinyarsa da haske mai ƙarfi daga inji, da ƴan uwana masana fiziks na asibiti, ina yi maka barka da zuwa, kai da ƴan tawagarka, tare da fatan kun huta gajiyar hanya daga Akara zuwa nan. Ya kamata jama'ar da ke wannan zaure su sani tun da fari cewa ba wanda ya tilasta mana karɓar masu bincike. Ƙa'idar Hukumar ita ce asibiti ne ke rubutawa da kansa ya roƙi a turo masa likitan gashi da masanin fiziks da ƙwararren mai sarrafa inji su zo su duba aikinsa daga ƙofar shiga har ɗakin gashi, kuma rahoton da suka rubuta na asibitin ne. Mu muka nema, kuma mun nema ne saboda yanayin aikin namu.

Likita yana iya ganin ƙwayar magani ya ƙirga ta, mai jinya tana iya ganin ruwan allura a cikin sirinji, amma hasken da muke aunawa ga mai ciwon daji ba ya ganuwa, ba shi da wari, kuma marar lafiya ba ya jin komai a lokacin da yake ratsa jikinsa. Idan ya gaza, ciwon zai dawo bayan watanni a ce ai dama ciwon daji ba ya jin magani. Idan ya wuce kima, zai ƙona lafiyayyen nama, kuma sau da yawa sai bayan makonni ake ganewa. Tun a shekarar 1976 masana suka tsayar da cewa kuskuren da za a lamunta bai kamata ya haura kashi 5 cikin 100 ba. Kowace kasuwa a ƙasar nan tana da mudunta, na wani gari ya fi na wani gari cika, kuma ciniki yana tafiya a haka. Ma'aunin haske, wanda muke kira gire, bai yarda da wannan ba: gire 2 da aka bai wa mace mai ciwon bakin mahaifa a nan dole ya zama daidai da gire 2 a Kumasi ko Yamai ko Biyenna.

Hanyar da ake bi a tabbatar da haka ita ce ainihin haɗin gwiwar da muka taru dominsa. Ma'auni na asali yana a ofishin ma'aunai na duniya da ke Sevres kusa da birnin Paris, daga can ake daidaita na ɗakin gwajin Hukumar da ke Seibersdorf a ƙasar Ostiriya, daga nan kuma ya sauko zuwa ɗakunan gwaji na ƙasashe, waɗanda Hukumar da Hukumar Lafiya ta Duniya suka haɗa su cikin tsari guda tun 1976. Namu na Najeriya yana Ibadan. Ƙaramar na'urar awo da ke cikin akwatinmu, wadda ba ta fi alƙalami girma ba, ita ce ƙarshen wannan silsila. Idan za mu auna injin, sai mu cika akwatin roba da ruwa, mu nitsa ta zurfin santimita 10, mu duba ma'aunin zafi da na nauyin iska, domin iskar da ke cikinta tana sauyawa da yanayi, kuma abin da ta karanta da sanyin hunturu zai bambanta da na tsakiyar bazara sai an yi gyaran lissafi. Aiki ne na bayan an tashi, lokacin da marasa lafiya suka watse, kuma ba a cika ganin mai yinsa ba.

Duk da wannan taka-tsantsan, mutum ba ya zama shaidar kansa. Shi ya sa tun 1969 hukumomin biyu ke aiko wa asibitoci ƴan ƙananan ma'aunai ta gidan waya, a haska su da gire 2 a cikin ruwa a mayar da su, can kuma a karanta a faɗa wa asibiti ko lissafinsa ya yi daidai. Wanda ya ga kamar wannan ɓata lokaci ne, to ya duba abin da ya faru a birnin San Jose na ƙasar Kosta Rika a 1996. An sauya wa injin gashi mai aiki da sinadarin kobalt sabon makamashi, mai awo ya karanta minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30 alhali daƙiƙa 18 ne, babu kuma mutum na biyu da ya sake bin lissafin. Marasa lafiya 115 suka sami haske fiye da yadda aka rubuta musu da sama da rabi, wasu daga cikinsu suka rasa rayukansu. Mutum ɗaya ne ya yi kuskuren, amma a ganina babban laifin yana ga tsarin da ya bar shi shi kaɗai da injin.

Ranka ya daɗe, ba mu manta da abin da ƙasarmu ta amfana da shi ba. Da taimakon Hukumar aka kunna ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke Zariya a 2004, da ita kuma aka sauya masa makamashi a 2018. Ƙarƙashin yarjejeniyar AFRA ta ƙasashen Afirka, wadda ta fara aiki a 1990, da yawa daga cikin malamanmu suka fita samun horo, wasu kuma daga cikin matasan nahiyar suna zuwa Triyeste ta Italiya yin digiri na biyu a wannan fanni. Maƙwabtanmu na Nijar sun buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai a 2021, kuma suna cikin rukunin farko na ƙasashen da shirin Hukumar na yaƙi da ciwon daji ya fara da su bayan ƙaddamar da shi a Adis Ababa a watan Fabrairun 2022. Ku kuma a Ghana kun riga mu tsara abin da muke fata, domin kun haɗa karatun jami'a da horon asibiti, kuka kuma sa masanin fiziks na asibiti cikin ma'aikatan lafiya da doka ta san da su. Wannan ne ya sa muka yi farin ciki da jin cewa kai ne za ka jagoranci tawagar: wanda ya san yadda ake riƙe inji a inda wutar lantarki ke ɗaukewa zai fi fahimtar littattafanmu.

Tunda mun kira ku, ba za mu ɓoye muku komai ba. Kimanin rabin masu ciwon daji suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu, mu kuwa injinmu idan ya tsaya sai a jira kayan gyara daga ƙetare, a wannan tsakanin mutumin da ya sayar da ɗan abin hannunsa ya zo daga ƙauye zai koma gida da rabin magani, kuma tsayar da gashi a tsakiya yana bai wa ciwon damar sake tohowa. Samun sabon inji yana da daɗin biki, amma ni na fi damuwa da mai auna shi. Digiri kaɗai bai isa a miƙa wa matashi injin gashi ba, sai ya yi aƙalla shekara biyu a asibiti ƙarƙashin wanda ya ƙware, kuma ƙwararrun da za su yi wannan reno ƴan kaɗan ne, wasunsu ma da zarar sun goge sai ƙasashen Larabawa ko Turai su ɗauke su. Ba na ganin laifinsu, kowa yana da iyali.

Saboda haka roƙonmu gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka kai kukanmu ga Hukumar da kuma ƙungiyar masana fiziks na asibiti ta Afirka, FAMPO, a taimaka mana mu kafa horon asibiti a nan, ko da za a fara da aiko mana malamai daga Akara na ƴan watanni, mu kuma mu tura muku ɗalibanmu. Muna kuma son a duba yiwuwar mu da takwarorinmu na Yamai mu riƙa bincika awon juna, tunda hanya ba ta da nisa, harshe ɗaya ne, kuma marasa lafiya sun daɗe suna ƙetare iyakar nan neman magani.

Mun tanadar muku littattafan awo na kullum, da takardun shaidar na'urorinmu, da bayanan duk ranar da injin ya tsaya da dalilin tsayawarsa, kuma an umarci kowane ma'aikaci ya amsa tambayoyinku ba tare da jin nauyin kowa ba. Bayan an sha ruwa za mu fara da ɗakin tsara gashi, daga nan mu gangara inda injin yake.

Allah ya saka muku da alheri, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya mayar da ku gida cikin aminci. Wassalamu alaikum warahmatullah.