Mazubin da titaniyom ba zai cinye ba

Assalamu alaikum, malamai, ɗalibai da 'yan'uwa maƙera.

Nan Damagaram kowa ya san yadda ake zubin tukunya: a narkar da alminiyom, a zuba a mazubin rairayi. Alminiyom na narkewa a digiri 660, titaniyom kuwa sai 1668. Amma ba zafin ne babbar matsala ba. Narkakken titaniyom mayunwacin oksijin ne. Rairayi silika ne, da zarar sun haɗu sai ya ƙwace oksijin ɗin da ke cikinsa, fatar ƙarfen ta yi tauri kamar gilashi. Masana na kiran wannan ɓawo alfa kes, kuma daga nan tsagewa ke farawa. A ƙarfen da za a sa wa mutum a ƙugu ko a injin jirgin sama, wannan ba abin wasa ba ne.

Shi ya sa ake yi wa titaniyom mazubin yumɓu shafi-shafi, kuma duk hankali na kan shafin farko, wanda ke taɓa ƙarfen. Ana ƙera siffar da kaki, a tsoma ta cikin kunun yumɓu, a barbaɗa gari, a bari ta bushe, a maimaita. Shafi ɗaya ko biyu na farko da itiriya ake yi, wato farin gari na ƙarfen itiriyom haɗe da oksijin, domin ta fi sauran garuruwan yumɓu riƙe oksijin ɗinta. Tana da tsada, kuma kununta kan daskare da wuri, sai an riƙa auna tsaminsa. Zirkoniya, wani garin yumɓun, ta fi araha, sai dai alfa kes ɗin da take bari a jikin ƙarfen ya fi kauri. Ƙonanniyar farar ƙasa tana jure titaniyom sosai, amma tana shan laima, mazubin ya rugurguje. A ganina kuskuren da ya fi ciwo shi ne a sayi itiriya sannan a dama ta da ruwan silika, sinadarin nan na rairayi: an kori ɓarawo ta ƙofa, ya dawo ta taga.

Shafukan baya, kamar 6 zuwa 8, alumina, wato garin alminiyom haɗe da oksijin, ta isa. Ku kula da bushewa. Iskar hunturu irin tamu na tsotse ruwa da gaggawa, mazubin ya tsattsage, don haka ɗakin na buƙatar laima daidai.

Daga nan a fitar da kakin da tururi, a gasa mazubin a wajen digiri 1000. Ƙarfen, galibi Ti-6Al-4V, wato titaniyom da aka gauraya da alminiyom da banadiyom, ana narkar da shi a tukunyar jan ƙarfe mai sanyaya da ruwa, cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska. Bayan an zuba, ɓawon alfa kes da ya rage a jikin ƙarfen, da asid haidurofulorik da naitirik ake cire shi, kuma na farkon yana ratsa fata har ƙashi.