Darasin Yau: Lissafin Gida Daga Shekara Ake Fara Shi

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Maigida, Allah ya ƙara buɗi. Uwargida, sannu da aiki. A samo littafi da biro, don yau lissafi za mu yi tare.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. An mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, amma kowa ya san inda kasuwa ta kai. To kuɗin ba su ƙaru yadda ake so ba, saura mu san inda suke tafiya.

Yawancinmu in an ce kasafin gida, cefane muke fara tunawa: tumatir, manja, Maggi, gawayi. Ni a ganina ba nan gizo ke saƙa ba. Abin da ke kayar da magidanci shi ne kuɗin da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara, waɗanda ya san da zuwansu sarai, amma sai sun ƙwanƙwasa ƙofa ya ce sun zo masa ba shiri. Kuɗin haya. Kuɗin makaranta, zango uku. Azumi da sallah biyu. Wanne ne a ciki bai sanar da ranar zuwansa ba?

To buɗe shafin farko, ka rubuta su. Bari mu yi misali, kai kuma ka sa naka adadin. A ce hayarka naira 240,000 a shekara. Raba gida 12, ya zama 20,000 a wata. Yara uku, kowanne 20,000 a zango, ka ga 60,000 sau uku, 180,000 ke nan, wato 15,000 a wata. Ɗinkin sallah da hidimar azumi, a ce 120,000, wato 10,000 a wata. Haɗa su: 45,000. In albashinka 150,000 ne, gaskiyar magana 105,000 gare ka. Waccan 45,000 ɗin ta mai gidan haya ce da makaranta da tela, ajiya kawai suka ba ka. Ranar da albashi ya shigo, ranar za ka cire ta, kafin ka biya ta wajen mai nama.

Na san wani zai ce, Malam, ni ba albashi nake ɗauka ba, adaidaita sahu nake ja, ko ɗinki nake yi. Lissafin bai canza ba. Raba 45,000 gida 30, ka ga 1,500 kullum. Da ka dawo gida da daddare, a jefa ta a asusu tukuna. Sannan ka gina lissafinka kan watan da kasuwa ta fi yin sanyi, kada ka gina shi kan cinikin jajiberin sallah.

A ina za a ajiye? Kada su zauna wuri ɗaya da kuɗin cefane, hannu zai kai. Buɗe wani asusun banki daban wanda ba ka yawo da katinsa, ko ka shiga adashi wajen mutanen da ka yarda da amanarsu. In adashin ne, ka roƙi uwar adashi ta sa kwasarka ta faɗo a watan Satumba, lokacin da ake shiga sabon aji da sayen littattafai da yunifom, ko kuma lokacin kaka.

Na ambaci kaka da gangan. Masara da gero da dawa sun fi sauƙi bayan girbi, wajen Nuwamba zuwa Disamba, galibi kuma su yi tsada da damina ta yi nisa. Wanda ya shiga Dawanau ko kasuwar ƙauyensu ya ɗauko buhu a lokacin, ya huta da awon tiya-tiya. In buhu ya fi ƙarfinka, ku haɗa da maƙwabci ku raba. Wake kuwa a sa shi a jarka ko buhu mai leda a ɗaure tam, kada ƙwari su cinye ribar.

Yanzu cefane. Uwargida, nan fagenki ne. Wata guda cur, duk abin da ya fita ki rubuta, har naira 100 ta niƙa da ta ɗan aike. Maigida kai ma haka: katin waya, data, cajin mai POS, shayin majalisa. Sai an tara waɗannan ƙananan mutum ke riƙe baki.

Kuma don Allah ku zauna tare. Maigida, in ba ta san abin da ke shigowa ba, ta yaya za ta auna tukunya? Sanar da ita ba raini yake kawowa ba, tausayi ne. Ku ware wani abu na zumunci, biki da suna da gaisuwar mara lafiya, ku ware na asibiti ko da 3,000 ne. In na zumunci ya ƙare, anko ya jira wata mai zuwa.

Aikin wannan makon shi ne shafin farkon nan. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki bashin mai kanti, mu ga yadda ake fita daga cikinsa. Wassalamu alaikum.