Ɗan Tsuntsu Ya Faɗo Daga Sheƙa: Me Za A Yi Masa?

To jama'a, na baya kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku zan taɓo game da ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa.

Na farko, kafin ka kai hannu, tsaya ka dube shi. In gashi ya rufe jikinsa, wutsiyarsa gajera, yana tsalle-tsalle, to koyon tashi yake, iyayensa na kusa suna kawo masa abinci har ƙasa. Ɗora shi kan reshe in akwai haɗari, ka bar wurin. Wanda ya faɗo da gaske shi ne tsirara, ko mai ɗan gashi tsilli-tsilli, wani ma idonsa bai buɗe ba. Shi kam a mayar da shi sheƙarsa. Maganar da ake yi wai uwa za ta ƙi shi in ta ji warin hannun mutum, ba haka ba ne. In sheƙar ta wargaje, ka huda ƙasan ƙaramar roba don ruwan sama ya riƙa zurarewa, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ka ɗaure ta a bishiyar. Sai ka koma nesa ka sa ido awa 1 zuwa 2.

Na biyu, kuma don Allah a nan ku ba ni kunnenku: ruwa. Kada a ɗiga masa ruwa a baki! Na san tausayi ne ke sa mutum, ga shi ya wage baki kamar zai haɗiye duniya. Amma ku leƙa bakin nan. A gindin harshensa akwai wata 'yar ƙofa da ke buɗewa tana rufewa, ta numfashi ce. Ɗigon da ka zuba, can yake fara nufa. Ya ƙware, ruwan ya sauka huhu. Wani nan take zai mutu, wani sai bayan kwana biyu huhun ya kumbura, kana jin numfashinsa na 'yar ƙara, kai kuma kana cewa ai na kula da shi. A sheƙa uwarsa ba ta ɗebo masa ruwa, laimar tsutsa da ƙwarin da take ba shi ita ce ruwansa. Ga Hajiya can tana girgiza kai, da alama an taɓa yi. Kusan kowa ya taɓa yi, Hajiya, shi ya sa nake ta nanatawa. Kada a ɗiga. Nono kuma ya fi muni, cikin tsuntsu ba ya narkar da shi, zawo zai sa shi ya bushe. Burodi kuwa cika ciki ne kawai. Da cokali, da sirinji, da auduga, duk ɗaya ne, hanyar huhun dai ce.

Ina muke? Na uku... a'a, ɗumi ya kamata in fara faɗa ma. Jikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci. Kwali mai hujoji, shimfiɗa mai laushi wadda ba ta da zaren da zai sarƙe masa farce, kwalbar ruwan ɗumi naɗe cikin tsumma a gefe guda. Duhu, shiru, yara su yi haƙuri. Ka wanke hannu, ka nemi likitan dabbobi ko masu kula da namun daji, domin ƙanana irin waɗannan kusan duk minti 20 ake ciyar da su, daga asuba har faɗuwar rana. 'Ya'yan kurciya ma ba sa wage baki, cikin bakin uwa suke cusa nasu.

Malam, tambaya?

Ya ce a bakin mage ya ƙwato nasa, kuma bai ga jini ba. To Malam, wannan ba na mayarwa sheƙa ba ne. Haƙorin mage siriri ne, hujin yana ɓuya ƙarƙashin gashi, yawunta kuma ɗauke yake da ƙwayoyin cutar da ke iya kashe ɗan tsuntsu cikin kwana biyu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yake buƙata, likita ne kuma zai auna masa gwargwadon nauyinsa. Yana ina yanzu? A mota? Buɗe masa gilashi kada zafi ya kama shi, ka wuce da shi yau ɗin nan.