Hanyar Dempster da Mutanen Ƙarshen Arewacin Kanada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamaina, 'yan uwa ɗalibai da sauran mahalarta, ina godiya da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Maganata a yau a kan hanyar Dempster ce, wadda ta taso daga kusa da garin Dawson a yankin Yukon na Kanada, ta nausa arewa fiye da kilomita 730 har zuwa garin Inuvik. An buɗe ta a 1979, kuma ba kwalta ba ce, tsakuwa ce aka jibga da kauri, domin ƙasar da ke ƙarƙashinta a daskare take rani da damina, kuma da zarar ɗumi ya kai gare ta sai ta narke, hanya ta lotse. Matafiyi zai ci kusan kilomita 370 kafin ya tarar da gidan mai a Eagle Plains, shi ya sa direba ba ya wuce motar da ya gani a tsaye sai ya tambayi lafiya.

Masu tallar yawon buɗe ido suna kiran wannan ƙasa dajin da babu kowa, ni kuwa ban yarda da wannan magana ba, domin ƙasar tana da masu ita tun kafin a zana taswirarta. Lokacin da aka gano zinariya a Klondike a 1896, dubun dubatar baƙi suka kwararo Dawson, sai mutanen Tr'ondëk Hwëch'in, waɗanda suka daɗe suna kamun kifi a mahaɗar kogunan Klondike da Yukon, suka koma ƙauyen Moosehide ba don suna so ba. Masu neman zinariya sun watse, garin ya dawo mai mutum kimanin 1,600, amma jikokin waɗancan masunta suna nan.

A Fort McPherson, garin ƙabilar Gwich'in da ke kan hanyar, akwai kaburburan 'yan sanda huɗu da suka tashi da karnukan jan kaya a Disamban 1910 za su Dawson. Shugabansu Fitzgerald ya sallami ɗan ƙasar da ya yi musu jagora a wani ɓangare na tafiyar, suka ɓata a cikin duwatsu, yunwa da sanyi suka yi ajalinsu. Kofur Dempster ne ya gano gawarwakinsu a Maris na 1911, shi kuwa da jagora ɗan ƙasa ya tafi, kuma sunan Dempster aka raɗa wa hanyar.

Wanda ya tsaya jiran jirgin fito a bakin Kogin Peel da bazara zai ga sansanonin kamun kifi, an tsaga farin kifi an rataye shi jere a kan sanduna, hayaƙi yana bi ta ƙarƙashinsa a hankali. Idan dattijuwa ta miƙo maka shayi, ka karɓa ka zauna, kada ka yi gaggawar cike shirun da ke shiga tsakanin magana, kada kuma ka ɗaga kyamara ba ka nemi izini ba. Da yawa daga cikin waɗannan dattawa an raba su da iyayensu suna ƙanana, an kai su makarantun kwana inda ake hana su yin yarensu, saboda haka suna da dalilin auna baƙo kafin su saki jiki da shi. Wanda ya yi haƙuri zai ji labarin garken barewar ƙanƙara da ake kira karibu, da yadda maharbi yake raba nama ga tsofaffi da waɗanda ba su iya fita ba.

A Inuvik rana ba ta faɗuwa har tsawon kwana 56 da bazara, da hunturu kuma takan yi kusan kwana 30 ba ta fito ba. A nan ne wani ƙaramin masallaci yake, wanda aka ƙera a birnin Winnipeg na kudancin Kanada aka ɗauko shi a mota da jirgin ruwa kimanin kilomita 4,000 a 2010. Musulmin garin suna bin lokutan wani birni da ke kudu da su wajen azumi, kuma suna raba kayan abinci ga mabuƙata ba tare da tambayar addininsu ba, abin da ya ƙara musu daraja a idon 'yan ƙasa.

Tun 2017 hanya ta ƙara kilomita 138 zuwa Tuktoyaktuk, ƙauyen ƙabilar Inuvialuit a bakin Tekun Aktik. Mutanensa sun haƙa ɗakunan ajiya a cikin daskararriyar ƙasa inda suke adana nama da kifi, amma yanzu ƙasar tana narkewa, teku yana zaizaye gaɓa, har an ɗauke wasu gidaje an matsar da su. Wanda ya yi niyyar zuwa ya lura cewa ana rufe mashigar kogunan Peel da Mackenzie na wasu makonni sau biyu a shekara, lokacin da ruwa yake daskarewa da lokacin da ƙanƙara take farfashewa, domin a sannan jirgin fito ba ya aiki, ƙanƙarar kuma ba ta ɗaukar mota.