Aikin da ke bayan shafin intanet na tashar tsofaffin finafinai

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Atlanta za mu leƙa, a ƙasar Amurka, inda tashar Turner Classic Movies take, wadda aka fi sani da TCM. Ted Turner ne ya kafa ta, ta fara aiki ranar 14 ga Afrilu 1994, bayan ya mallaki rumbun finafinan kamfanin MGM a 1986. Tsofaffin finafinai take haskawa, ba a yanke komai, ba a saka talla a tsakiyar fim. To, masu kula da shafinta na intanet, wane aiki suke yi?

Jadawali shi ne ƙashin bayan shafin. Yawancin masu shigowa tambayarsu ɗaya ce: me za a nuna yau da dare? Fim ɗin ƙarfe takwas na dare a New York, ƙarfe biyar na yamma yake faɗawa a Los Angeles, don haka dole shafin ya fayyace agogon da yake bi. Ga kuma haƙƙin mallaka. Wani fim tashar tana da izinin nuna shi a Amurka amma ba ta da shi a Kanada, sai a sauya musu da wani. Wani kuma ana iya haska shi a talabijin, amma lasisin bai kai ga manhajar Watch TCM ba, wadda aka buɗe a 2013. Kowane sauyi sai ya bayyana a shafin kafin lokaci, in ba haka ba mutum ya zauna jiran fim ɗin da ba zai zo ba.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne rumbun bayanai. Kowane fim yana da shafinsa: shekara, darakta, jarumai, tsawon mintuna, hotuna, da taƙaitaccen labari. Ku ɗauki A Star Is Born. An yi shi a 1937, aka sake a 1954, da 1976, da 2018. Suna ɗaya, fim huɗu. Idan aka liƙa hoton na 1954 a shafin na 1937, masu kallon wannan tasha za su gano nan take, domin mutane ne da suka san finafinan nan ciki da bai. A ganina, wannan ƙwaƙƙwafi shi ya fi kowace ƙawa muhimmanci a shafin, don da yawa cikin waɗanda suka yi finafinan sun rasu, ba mai gyara musu suna sai ma'aikacin da ke gaban kwamfuta.

Sai shirye-shirye na musamman. A watan Agusta akwai Summer Under the Stars, kowace rana jarumi ɗaya, finafinansa daga safe har dare. Kwana 31, jarumai 31, kuma kowanne sai an tanadar masa tarihi da hotuna da jerin finafinai tun watan bai kama ba. Haka ma bikin finafinan da tashar take shiryawa a Hollywood tun 2010, ta shafin ake sanar da jadawalinsa, ake kuma sayen tikiti.