Yadda Amurka ta biya masu shanun madara kuɗin korona

Jama'a, ku ɗauka ga wata motar tanka a gabanku. Madara ce cike fal, sabuwar tatsa, kuma zubar da ita za a yi a ramin taki. Haka aka dinga yi a jihar Wisconsin ta Amurka cikin watan Afrilun 2020, kuma wallahi duk wanda ya taɓa kiwo sai abin ya sosa masa rai.

To me ya kawo haka? Korona ta sa an rufe makarantu da gidajen abinci, su ne manyan masu sayen cuku da madara, kamfanoni suka rasa inda za su kai kaya, ita kuwa saniya ba ruwanta da dokar kulle, safe da yamma sai an tatse ta ko da mai saye ko babu.

Mu ɗauki gundumar Clark, kamar ƙaramar hukuma ce a wajenmu, hedikwatarta Neillsville, kuma duk jihar babu inda ya kai ta yawan gonakin shanun madara. Dama tun kafin cutar mutanen nan a jigace suke, a 2019 kaɗai gonakin madara sama da 800 suka rufe a Wisconsin.

Ranar 17 ga Afrilun 2020 gwamnatin Trump ta sanar da shirin CFAP, wato tallafin korona ga manoma da abinci, dala biliyan 19. Biliyan 16 kai tsaye zuwa hannun manoma, biliyan 3 kuma a sayi abinci a raba wa mabuƙata a kwalaye. Ranar 26 ga Mayu aka fara karɓar fom a ofisoshin FSA, wato reshen ma'aikatar noma da ke kula da manoman gunduma, galibi ma ta waya da intanet tunda ba a shiga ofis. Manomi zai faɗi yawan madarar da ya tatsa daga Janairu zuwa Maris, har da wadda ya zubar ana lissafawa, sai a biya shi kusan dala 6.20 kan kowane kilo 45. Kashi 80 aka fara bayarwa, ragowar daga baya.

Yanzu ga inda nake so ku natsu. Kuɗin nan yawan madara yake bi, ba ya duba wanda ya fi shiga matsi. A ƙiyasce saniya ɗaya tana jawo kamar dala 370, to mai shanu 50, wanda shi da matarsa da 'ya'yansa ke tashi tun asuba su yi tatsa, zai tashi da wajen dala dubu 18, ya biya bashin abincin dabbobi da na likitansu shi ke nan ta ƙare. Mai shanu 700 kuwa ya kai ƙarshen abin da ake ba mutum ɗaya, dala dubu 250. Kuma in gonar kamfani ce mai masu hannun jari uku da kowanne ya yi aikin awa 400 a cikinta, sai a ɗaga zuwa dubu 750.

Ni dai a ganina nan aka so kai. Tallafin ya riƙe mutane da yawa, ba na musun wannan, amma da an ƙara kuɗin da ake biya kan madarar shanun farko na kowace gona, kamar 100 na farko, da ƙaramin makiyayi ya fi samun sararin numfashi.

A watan Satumba aka sake buɗe zagaye na biyu, har dala biliyan 14, shi ma rabon masu shanun madara da ma'aunin yawan madara aka raba shi.